'Yar Tsana Mai Laima

Ranar wata Laraba ce a farkon damina, shekarar da nake aji huɗu. Laraba ba mu zuwa lakwal, wato makaranta, saboda haka Baba yakan tafi da ni shagonsa na sari a kasuwar Adjamé. Ruwa ya tsuge tun hantsi, masu wotoro, amalanken nan na turawa, duk sun fake a ƙarƙashin rumfuna suna zagin taɓo da Julanci, Baba kuma yana bakin ƙofa yana ciniki da wani mai sayen madara. Ni ina can ƙuryar shago a kan buhun sukari da aikin da aka saba ba ni: in farke kwalin biskit, in ƙirga ƙunshi goma sha biyu, in ɗaure da roba, in ajiye wa mata masu tebur da ke zuwa sari. Ina cikin yi, hankalina yana wajen mai garba, wato dambun rogo, da nake jiyo ƙamshin kifinsa, sai babban yatsana ya tsaya a kan wani ƙunshi. Akwai wani ɗan tudu a gefensa, mai lanƙwasa, wanda sauran ba su da shi. Na waiga, Baba bai dube ni ba. Na yage bakin ledar da haƙori, sai ga 'yar tsanar ta faɗo mini a cinya, da jar rigarta da 'yar laimarta ruwan ɗorawa. Wallahi sai da na toshe bakina da hannu don kada in yi ihu.

Wanda bai yi ƙuruciya a Treichville a shekarar nan ba, ba zai gane haukan da muka yi ba. Biskit ɗin kansa ba wani abin kirki ba ne, guda huɗu ne ƙanana masu ɗanɗanon kwali. Abin da ke cikinsa ne ya ɗauke mana hankali: 'yar tsana ta roba, tsawon ɗan yatsa, kowacce da sana'arta. A bayan ledar an zana su su goma, akwai mai tallan ayaba, da malamar asibiti, da mai ɗinki, da mai kitso, da mai dakan futu, wato sakwara, wadda ta fi kowa yawa har muka tsane ta. Ta goman ita ce mai laima, muna ce mata Madam Parapli. A kwali guda da ƙyar a sami biyu. Ƙunshi dala goma ne, dala kuwa a wajenmu sefa biyar ce, kuma daidai kuɗin karyawar yawancinmu ke nan. A ƙofar lakwal ɗinmu Tanti Fanta ce mai sayarwa, wata Bajula mai faɗin murya, kuma dokar teburinta ɗaya ce: "Wanda ka taɓa, shi ka saya." Ba a latsawa, ba a girgizawa, ba a ɗagawa a rana.

Yatsun nan nawa kuwa a gida aka horar da su, ba don biskit ba. Gidanmu a unguwar Biafra ta Treichville yake, irin gidan haya mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna a jere, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, harsuna kuma sun kai biyar. A ƙarƙashin bishiyar mangwaron da ke tsakiya kakata Hajo take zama, wadda ta zo daga Ƙonni tun kafin a haifi Baba, tana zaɓen goro. Za ta kwance huhu, ta baza ganyen fita, ta yayyafa ruwa, ta kira ni. Sai ta sa in rufe ido, ta ɗora mini goro a tafin hannu, ta ce in faɗa mata lafiyayye ne ko mai sankara. In na yi kuskure ta ja mini kunne, in na dace ta ce ai sa'a ce irin ta makaho, ba ta taɓa yabona a gabana ba. "Ido ana ruɗinsa, ke dai ki tambayi yatsa," haka take cewa kullum. Da na kai shekara tara, ina iya zura hannu cikin kwando in fito da mai ciwo ba tare da na leƙa ba. Allah ya jiƙan Kaka, da ta san inda zan kai karatun nan da ta bar ni da wanke-wanke.

A ɗaki na uku daga namu Akisi take, 'yar wata Babaule mai sayar da ƙyafaffen kifi. Tare muka yi rarrafe, tare muke layin famfo da asuba, tare muke tsallen igiyar roba har sai an kira magariba a babban masallaci iyayenmu mata sun fara ƙwala mana kira. Ta iya Hausa fiye da wasu 'yan uwana da aka haifa a nan, har da ashariya, don a bakin Kaka ta koya. In azumi ya zo ita ke ɗanɗana mini gishirin miya, in Kirsimeti ta zo ni ke riƙe mata madubi. Akisi yarinya ce mai kafiya, in ta sa abu a ranta sai ta ga ƙarshensa. Ta tara tara daga cikin 'yan tsanan, ta jera su a kan tagar ɗakinsu, ta bar gurbi ɗaya a ƙarshe. Kullum da safe, kafin mu tafi, sai ta share ƙurar gurbin nan da gefen siket ɗinta. Wannan yarinyar ce na kusa rasawa saboda 'yar roba, kuma ba wanda ya ja mini sai ni.

Tun daga Larabar nan na buɗe kasuwa. Duk kwalin da ya biyo ta hannuna sai na tace shi, in ware masu tudu gefe guda. Kuma kada a ce na yi sata, don wannan ita ce hujjar da nake kwantar wa kaina hankali da ita: ina biya. In mun tashi rufe shago sai in je gaban Baba da ƙunshi uku ko huɗu, in ajiye kuɗina a kan tebur. Shi kuwa sai ya yi dariya ya nuna ni ga maƙwabtansa, ya ce su dubi 'yarsa, ko a shagon ubanta ba ta cin bashi. Ranar Alhamis a filin lakwal, lokacin shan iska, sai in zauna a gindin tuta in fito da Madam Parapli ɗaya tak daga cikin safa. Ɗaya, ba biyu ba, wannan ma ba wanda ya koya mini. 'Ya'yan ma'aikata masu takalman fata su kewaye ni, in ce dala ɗari, su yi ƙorafi, su biya. Da na ga suna biya ba gardama sai na ƙara hamsin. In an tambaye ni inda nake samu sai in ɗaga kafaɗa in ce sa'a ce, ni haka Allah ya yi ni. Kai, na ji daɗin kaina a makonnin nan, har tafiyata sai da ta canza.

Akisi ta yarda da zancen sa'ar nan ɗari bisa ɗari, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Wata rana muna dawowa gida na ce mata, cikin isa irin ta manyan 'yan kasuwa, ita zan bar mata a rabin kuɗi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce in riƙe abata. "In ke kina samu, ni ma zan samu. Gidanmu ɗaya, ruwan famfo ɗaya muke sha." Daga nan ta ƙara ƙaimi. Kuɗin da uwarta ke ba ta na burodi ko aloko, wato soyayyar ayaba, duk a teburin Tanti Fanta yake ƙarewa. Za ta tsaya ta daɗe tana kallon ƙunshin, ta yi alamar gicciye, ta taɓa ɗaya, ta buɗe, mai dakan futu ta fito. Ta cika gwangwanin madara biyu da masu dakan futu. Wajen ƙarfe sha ɗaya sai in ga ta kifa kai a kan benci, cikinta yana ƙugi har ina ji. Ni kuwa na sani sarai kayan Tanti Fanta daga shagonmu suke, kuma babu ƙunshin da ya isa teburin nan bai bi ta yatsuna ba. Me na yi? Sai in sayi aloko mai yawa da ribata in ce na ƙoshi, ta taya ni ci. Tana ci tana gode mini, ni kuma ina jin kaina mai kirki.

Wajen mako na shida asiri ya tonu, kuma ba ta inda na zata ba. Ina ƙuryata ina ɗaure-ɗaure sai na ji muryar Tanti Fanta tun daga bakin layi. Ta shigo ta gaida Baba da mutunci, ta tambayi gida, ta zauna a kan benci ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, alamar magana ce mai nauyi. Ta ce shekara takwas tana sari a wajensa ba ta taɓa ganin algus ba, amma yanzu yara sun fara cewa teburinta ba shi da albarka. Wata guda da rabi ba a sami mai laima ko ɗaya a wajenta ba, alhali a kantin Bamuritanen da ke tsallaken titi an samu sau uku. Yara sun koma can, har alewa da gyaɗarta ma sun daina saye. Sai ta ƙara da cewa, tana dariya, ita dai ba ta san sirrin ba, 'yarsa ce kaɗai mai sa'a a duk lakwal ɗin, kullum da sabuwa a hannunta. Baba ya juyo a hankali ya dube ni, ya dubi 'yan ƙunshin da na ware a gefen ƙafata.

Bai dake ni ba, kuma da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sallami Tanti Fanta da haƙuri, ya yi sallar la'asar, sannan ya kira ni ya zaunar a gabansa. Ya ɗauki ƙunshi ɗaya daga nawa ya latsa, ya ɗauki wani daga kwali ya latsa, ya girgiza kai, ya ce shi bai ji bambanci ba, lallai jikar Hajo ce ni. Na ga kamar zai yi murmushi, sai na samu ƙarfin baki, na ce ai ina biya, ban taɓa ɗaukar ko ɗaya kyauta ba, kuma shi ma yana saye da araha ya sayar da tsada. Ya ce gaskiya ne. "Riba ba laifi ba ce, da ita nake ciyar da ku. Wanda ya ba ki dala ɗari ya ga abin da ya saya, in ya ga tsada ya tafi. Amma yarinyar da ta ba Fanta dala goma fa, me ta saya?" Na ce biskit. Ya ce in ji tsoron Allah, wa ke sayen biskit ɗin nan don biskit? Ya ce sa rai take saye, ni kuma na riga na cire abin da ake sa ran tun daga nan, na bar ta tana biya. Bai san da Akisi ba a lokacin, amma ni fuskarta kawai nake gani.

Hukuncinsa biyu ne. Kuɗin da na tara za a sayi kwali sabo da su, wanda ba a farke ba, a kai wa Tanti Fanta. Sannan da bakina zan faɗa wa duk wanda na cuta. Ta Tanti Fanta ta zo da sauƙi, ta zage ni da harsuna uku, ta ce da 'yarta ce da ta ga yadda ake yi, sannan ta tambaye ni a asirce ko zan iya koya mata. Ta Akisi ce ta gagare ni kwana biyu. A rana ta uku muna wanki a bakin famfo, ina kallon kumfa na faɗa mata duka, tun daga Larabar farko. Ban ga ta yi kuka ba, ba ta kuma zage ni ba, ita da ta iya zagi. Ta tambaye ni abu ɗaya: "Alokon nan da kike ba ni, da kuɗin ne?" Na ce e. Ta matse rigar da ke hannunta, ta ɗauki bokitinta da sauran wankin da ba ta gama ba, ta shige ɗaki.

Mako biyu ba ta yi mini magana ba, a gidan da ba ka iya zuwa bayan gida ba ka wuce ƙofar kowa ba. In na shiga layin famfo sai ta fita, in na fito da igiyar tsalle sai ta tuna an aike ta. Hanyar lakwal da muke bi tare ta zama doguwa. Kaka ta lura, ba ta tambaye ni ba, sai dai ta daina kirana zaɓen goro, wannan ma horo ne. Akwai Madam Parapli ɗaya da ta rage mini, ta farkon nan. Wata safiya na lallaɓa na ajiye ta a gurbin da ke kan tagarsu, na gudu. Na yi zaton an gama ke nan. Da na dawo daga aike sai na tarar da ita a cikin takalmina a ƙofar ɗaki, Akisi kuma tana tsaye nesa kaɗan ta harɗe hannu. Maganarta ta farko ke nan a kwana goma sha wani abu: "Ba taki nake so ba. Tawa nake so, wadda zan buɗe da hannuna in gani." Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi a gaban Baba ba, don sai a lokacin na gane abin da na ɗauke mata ba ya mayaruwa.

Kwalin kuwa ya yi wuyar samu, don masu yin biskit ɗin sun daina sa 'yan tsanan, sun ce za su koma motoci. Sai a makon ƙarshe kafin babban hutu Baba ya samo ɗaya a wajen wani abokinsa, ya ce shi ne na ƙarshe a duk Adjamé a iya saninsa. Ni na ɗauko shi a ka har tashar bas, na rungume shi muka haye gada, na dire shi a gaban Tanti Fanta da liƙinsa. Labari ya bazu. Washegari da safe ina ɗaure takalmi sai na ga ƙafafun Akisi a gabana. Ta ce in tashi mu tafi, saura kuɗin ƙunshi ɗaya gare ta, kuma tana so in tsaya kusa da ita. Nan take na ce zan nuna mata wanda za ta taɓa. Ta ce a'a. Hannuna a baya, bakina a rufe, ko tari kada in yi, kuma in rantse. Na rantse da Allah a tsakar gida, Kaka tana jinmu daga ƙarƙashin mangwaro.

Tanti Fanta ta yanka liƙin a gaban kowa, ta zube ƙunshin a faranti ta baza. Yara sun yi cincirindo, ana turereniya. Na mai da hannuna baya na riƙe ɗaya da ɗaya. Abin da ban sani ba, kuma Akisi ba ta sani ba, shi ne bayan ɗaruruwan da na latsa, idona ma ya koya. Ga ta can a gefen faranti ta wajen hagu, ledarta ta ɗan tasa a kusurwa, ina ganinta kamar an rubuta suna. Akisi ta ba da kuɗinta, ta yi gicciyenta, ta miƙa hannu. Hannun ya yi yawo a sama, ya je dama, ya dawo hagu, ya tsaya daidai kanta. In na ce "uhm" kawai an gama, ba wanda zai sani, ko ita ba za ta tabbatar ba. Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Yatsanta ya sauka a kan na kusa da ita.

Mai dakan futu ce. Akisi ta dube ta, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, ta ce wannan matar ta rantse sai ta bi ta har kabari. Ta ba ni biskit biyu ta ci biyu, ta saƙala hannunta a nawa muka nufi aji. Ina waige na ga wata 'yar aji ɗaya mai majina ta taɓa ƙunshin hagun nan, ta buɗe, ba ta ma san abin da ta samu ba, ta sa laimar a baki tana tauna.

Yanzu abin ya dawo da sabuwar riga. 'Yan tsanan zamani a akwati suke zuwa, a rufe, ana yin kaɗan da gangan, manya da gemunsu suna bin layi su kwashe, kafin azahar sun sa a waya da ninkin kuɗi. 'Yata ta fari ta taɓa zuwa ta ce in ba ta jari, wai akwai wanda ya san yadda ake gane na tsadar da sikeli tun kafin a kai kanti. Na ce ta sayi abin da take so a layi kamar kowa, ta sayar yadda ta ga dama, amma ba da kuɗina za a tace akwati ba. Ta ce ni tsohuwar yayi ce, na ce na gode. Mangwaron gidanmu an sare shi, an yi ɗakuna a wurin, Baba da Kaka sun riga mu gidan gaskiya, teburin ƙofar lakwal kuma wata yarinya ce ke sayar da katin waya a kai.

Akisi ungozoma ce yanzu a wani asibiti a Treichville, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku. Ranar Lahadi takan biyo bayan coci mu zauna mu ci aceke, dambun rogon nan, da kifi, mu yi gulmar mazanmu. In hira ta kai ga zamanin lakwal takan ce ita dai ba ta da sa'a tun tana yarinya, ko a kwalin ƙarshe ma Allah bai sa mai laima a ciki ba, in ya sa to ba ta kusa da ita. Nakan ce mata ci kifinki. Shekara talatin ke nan da wani abu, ban faɗa mata cewa tazarar ba ta kai faɗin yatsa biyu ba. A duk abin da na taɓa ba ta, shirun nan ne ya fi yi mini tsada.